Jan Fentin Sallau Mai Jirgi

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan, don labarin da zan ba ku da bakinku za a ƙarasa shi. Ni kaina duk sanda na tuna shi raina ɓaci yake yi, saboda haka in kun ji muryata ta tashi, ba da ku nake ba.

A wani gari can bakin fadamar Haɗeja, wanda ba zan faɗi sunansa ba don jikokin mutumin suna nan da ransu, an yi wani makaniki ana ce masa Sallau. Shekara ashirin da biyu ya yi yana gyaran ƙananan jirage a wani kamfanin feshin gona, har wani matuƙi da jininsu ya haɗu ya koya masa tuƙi. Da kamfanin ya rufe, Sallau ya dawo gida da akwatin sufanu, da hannu mai albarka, da wani irin taurin kai da ban taɓa ganin na biyunsa ba. In ya ce fari baƙi ne, to a bar shi a baƙin, shi ne zaman lafiya.

Masifar garin kuwa ita ce jan-baki. Da shinkafa ta fara nuna sai tsuntsayen nan su sauko fadama har su rufe rana. Mata da maza su wuni suna kaɗa gwangwanaye, murya ta dushe, ƙafa ta kumbura, amma sai a tashi da buntu. Jirgin feshin da ake yi musu alkawari kuwa ba ya zuwa sai tsuntsu ya ƙoshi ya yi gaba. Wata shekara Sallau ya tsaya a bakin gonarsa da aka cinye ƙaf, ya rantse shi zai ƙera jirgin da hannunsa. Aka yi masa dariya, aka laƙaba masa Sallau Mai Jirgi don shaƙiyanci. Shekara goma sha ɗaya yana fama a garejinsa, da injin tsohuwar mota ƙirar kunkuru, da bututun ƙarfe, da ƙyalle mai kauri da ya ɗame fukafukai da shi, har abin ya tsaya da ƙafafunsa, masu dariya suka fara rage murya.

A lokacin idonsa ya fara yin hazo, shi ma ya sani. Saboda haka ya faɗa a gaban mai gari da dattawa cewa ran da jirgin nan ya yi feshinsa na farko, zai danƙa makullinsa ga ɗaya daga cikin 'ya'yansa uku. Wanda ya karɓi makullin shi ke da jirgi, shi ke da gareji, shi ne kuma magajin sunan Sallau. Babban ɗansa Lawandi kayan gyaran mota yake sayarwa, ya san ƙarfe kamar yadda mahauci ya san nama. Na biyu Ilu, rewaya ne, aikinsa haɗa wayoyin wutar mota, mutum ne marar magana. Ƙaramarsu Tabawa, matar aure ce mai 'ya'ya biyu, tana gyaran rediyo da wayar hannu a zauren gidanta. Duk ukun a gindin ubansu suka koyi riƙe sufana, kuma duk ukun tsoronsa suke ji kamar me.

To, ga inda rigimar ta samo asali. Injin jirgin da kik ake tayar da shi, kamar mota. Kik kuwa wuta yake zuƙa mai yawa daga batir, wadda ɗan makunnin da ke gaban matuƙi ba zai iya ɗauka ba. Shi ya sa ake sa wani abu a tsakani, makanikai suna ce masa solonoyid, su kuwa a gidan Sallau gwangwani suke ce masa, don bai wuce gwangwanin tumatir ba. In ka murɗa makulli, wani ƙarfe a cikin gwangwanin ya buga ya haɗa wutar, kik ya juya injin. In ka saki, sifirin ya ture ƙarfen baya, wuta ta yanke. Gwangwanin nan iri biyu ne, kuma a ido kamar an tsaga kara. Akwai mai dogon riƙo, wanda ake sa wa babban makunnin batir, yana iya wuni a kunne amma bugunsa da sifirinsa masu laushi ne. Akwai kuma na kik, mai bugu da ƙarfi da saki da ƙarfi. In ka ɗauki mai laushin ka ba shi aikin kik, wata rana ƙarfen zai narke ya manne, kik ya ƙi saki, waya ta ɗau zafi har ta kama da wuta.

Sallau yana da wani gwangwani da matuƙin nan ya ba shi ranar da suka rabu. Shekara da shekaru yana naɗe a tsumma cikin akwati, ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. Daga jirgi na gaske aka ciro shi, kuma a wurin Sallau wannan ya gama magana. Ranar da zai ɗaura shi a kan kik, garejin cike yake da 'yan kallo, har da mai gari. Lawandi ya ɗauki gwangwanin ya jinjina, ya taɓa shi da batir, ya ji bugunsa. Maimakon ya jira mutane su watse, sai ya buɗe baki a nan take.

"Baba, wannan ba na kik ba ne. Mai dogon riƙo ne, kuma sifirinsa ya mutu. Wallahi zai manne."

Wani a bayan taro ya yi 'yar dariya. Wannan dariyar ce ta ɓata komai. Sallau ya ji kamar an tuɓe masa hula a kasuwa. Shi da ya yi shekara ashirin da biyu a ƙarƙashin jirage, yau ɗan da ya haifa, mai sayar da tarkacen mota, shi zai koya masa aiki a gaban mai gari? Zuciya ta ɗebe shi. Ya fizge gwangwanin, ya ɗaure shi da hannunsa a yadda ya zo masa, kai ƙasa, ya ja wayarsa kai tsaye daga batir ba tare da ta bi ta babban makunni ba, don a ganinsa gajeriyar hanya ta fi. Sannan ya ɗauko jan fenti ya shafe notinan duka. Mutumin da bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa ba saboda alkunya, kullum sai dai ya ce Babba, ranar ya kira shi gatsal.

"Lawandi, da kai da ƙannenka, ku ji da kyau. Duk wanda ya taɓa gwangwanin nan a cikinku, ya karya fentin nan, ban yafe masa ba duniya da lahira."

Kun san nauyin wannan magana daga bakin uba. Ni a ganina babu zaluncin da ya kai uba ya ɗauki bakinsa ya ɗaure hannun 'ya'yansa da shi a kan abin da bai fi gwangwanin tumatir ba, amma haka Sallau ya yi, kuma bai ji ko ɗar ba. Tun daga ranar kullum da safe sai ya duba fentin kafin ya karya kumallo. Kullum ya same shi lafiya lau, sai ya gyaɗa kai, yana ganin ya gyara wa yara zama.

Bayan wata biyu jan-baki suka sauko. Mai duba jirage ya riga ya zo ya ƙwanƙwasa fukafukai, ya ba da takardar gwaji a kan fadama, kuma Sallau ya ɗan tashi sau uku ya sauka lafiya. Ranar feshi da hantsi gari duka ya fito bakin filin. Sallau ya toshe kunnuwansa da auduga saboda ƙarar inji, ya yi bismilla, ya murɗa makulli idonsa na kan farfela. Inji ya kama, jirgi ya ruga, ya ɗaga. Ya hango mutanen da suka yi masa dariya sun zama ƙanana a ƙasa, ransa ya yi fari tas.

Ya sauko ƙasa-ƙasa kan shinkafa, ya buɗe feshi. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya suka tare masa gaba, ga kuma wata tsamiya. Ya ja sandar tuƙi da ƙarfi jirgin ya miƙe sama, har nauyinsa ya danna shi cikin kujera. Nan take ya ji wata irin girgiza a ƙafafunsa. Ya ce a ransa tsuntsaye ne farfela take sara, ya karkata zai sake zagayowa. Sai wani jan haske ya haska masa gwiwa. Ya sunkuya, ya ga wata 'yar farar roba a ƙarƙashin allon agoguna, wadda bai taɓa lura da ita ba, tana ci da haske daga ciki, kuma hasken ya fito da rubutu: KIK BAI SAKI BA. SAUKA.

Abin da ya fara zuwa masa ba tsoro ba ne, fushi ne. Wane ne ya sa wa jirginsa fitila bai sani ba? Kafin ya gama wannan tambayar, ƙaurin roba ya bugi hancinsa. A nan ya gane ransa na cikin haɗari, don ya fi kowa sanin inda wayar kik ta bi, ƙarƙashin tankin mai ta wuce. Filin sauka yana da nisan da waya ba za ta jira ba. Ya kuma san babban makunni ba zai yi masa komai ba, tunda shi da kansa ya kauce masa ranar da ya yi fushi. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya kai hannu ya kashe babban makunnin.

Jan hasken ya mutu. Girgizar ta tsaya. Injin bai mutu ba, don da ya kama shi ke ba kansa tartsatsi, ba ruwansa da batir. Sallau ya lallaɓa jirgin ya dawo, hayaƙi siriri na bin bayansa, ya dire a filin. Mutane suka ruga suna kabbara, shi kuwa ya sauko fuskar nan a murtuke, bai amsa barkar kowa ba. Ya ce a miƙo masa sufana. A gaban jama'a ya buɗe murfin inji.

Gwangwaninsa ya yi baƙi, ya manne kamar an yi masa walda. Fizgar da ya yi wa jirgin ya miƙe sama ita ta danna ƙarfen ciki ƙasa, tunda a kife ya ɗaura shi, mataccen sifirin kuma ya kasa mayar da shi. Robar wayar ta narke har tana ɗiga, saura kamar faɗin yatsa biyu ta kai bututun mai. Ya duba notina yana neman wanda zai sauke wa fushinsa. Jan fentin yana nan yadda ya shafa shi, ko ƙwarzane babu. Sai ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana kiran 'ya'yansa yana titsiye su, har kowa ya faɗi abin da ya yi.

Lawandi shi ne ya zaɓi gwangwanin babban makunni. Mako guda bayan rantsuwar jan fenti, Sallau ya aike shi Kano ya sayo ƙarami marar nauyi, don a jirgi ko ƙusa ana lissafin nauyinta. Lawandi ya samu ƙaramin a shago na farko, ya ajiye shi, ya yi kwana biyu yana bin kasuwa rumfa-rumfa har ya samo wani ƙato na babbar motar noma, wanda zai iya yanke wutar kik ko tana tsakar gudu. Ya dawo ya dubi idon ubansa ya yi masa ƙarya, ya ce ƙaramin ya yanke a kasuwa duka. Sallau ya zage shi tas, ya ce ko aike ba a iya yi masa, sannan ya ɗaura ƙaton yana ƙunƙuni. Da ƙaramin aka sa, da lokacin da aka kashe makunni shi ma narkewa zai yi ya manne. Sai dai Lawandi bai san cewa wayar kik ba ta bi ta wurin ba, ya ɗauka ubansa ya gyara ta daga baya kamar yadda ake yi.

Ilu shi ne ya sauya wa wayar hanya. Bai ce uffan ba ranar rantsuwa, bai ce uffan ba bayanta. Ya jira har ranar da ubansu ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, ya shiga gareji da rana tsaka, ya kwanta a ƙarƙashin jirgin. Ƙarshen wayar da ke jikin gwangwani fenti ne a kansa, saboda haka bai kusance shi ba. Ɗaya ƙarshen ya kwance daga kan batir, ya mayar da shi bayan babban makunni, ya naɗe, ya ɗaure, ya shafa baƙin mai don kada a ga sabon aiki. Awa huɗu ya yi yana lallaɓawa, don sufana in ta zame sau ɗaya ta goge fentin, shi ke nan ya ɗauki bakin uba. Da bai yi haka ba, da Sallau ya kashe makunni sau ɗari wuta na ci gaba da kwarara. Shi kuma bai san ko babban gwangwanin zai iya ɗaukar nauyin ba, ya dai yi ya bar wa Allah.

Tabawa ita ce ta sa fitilar. Ba ta san abin da yayyenta suka yi ba, a saninta in gwangwani ya manne babu abin da zai kashe shi. Sai ta ce to aƙalla tsohon ya sani, ko ya samu ya sauka. Ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci ta zo gidan da sunan kawo wa uwarta miya, ta zame gareji. Ta ja siririyar waya daga jikin kik ɗin kansa, nesa da fenti, ta kai ta ƙarƙashin allo. Ta ciro ƙwan fitila daga wata matacciyar rediyo, ta yi rubutun a bayan roba ta ciki yadda ba za a gan shi ba sai haske ya kama, don ta san in ubanta ya gani tun a ƙasa, fizge shi zai yi ya jefar. Aikinta bai kai rabin awa ba. Amma da babu shi, da Sallau ya ci gaba da zagaye yana zaton tsuntsaye ne, har wuta ta kai tanki.

Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, babu wanda ya gaya wa ɗan'uwansa. Makulli ɗaya ne, su uku ne, kowa yana tsoron in ya faɗa za a kai wa tsoho. Haka kowannensu ya yi wata biyu yana kwana da tashi da fargaba shi kaɗai, alhali uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Kuna zaton da Sallau ya gama ji zai rungume su? Ina! Ya cika ya batse. Wannan ya yi masa ƙarya, wannan ya warware masa aiki, waccan ta yi masa rubutu a jirgi kamar ana gargaɗin ɗan koyo, kuma duk gari ya ji. Ya buga sufana da ƙasa, ya daka musu tsawa.

"Ashe ku ukun nan kun san abin nan zai kashe ni. Kun sani, kuka tsaya kuna kallo na hau. Noti biyu ne fa. Babu mai zuciyar da zai kwance shi a cikinku?"

Mazan suka sunkuyar da kai. Tabawa ce ta durƙusa, ta share hawaye da gefen mayafi, ta amsa a hankali.

"Baba, kai ka ce ba ka yafe ba. Mun rasa wanda za mu zaɓa tsakanin ranka da bakinka, shi ne muka nemi duka biyun."

Sallau ya juya wajen injin. Ya daɗe yana kallon jan fentin. Sannan ya sunkuya ya ɗauki sufanar, ya karya fentin da hannunsa, ya kwance gwangwanin, ya yi jifa da shi cikin ruwan fadama iya ƙarfinsa. Ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tabarmar mai gari. Ya ce alkawari ya cika, feshi an yi, amma shi ba zai zaɓa ba, don har yanzu in ya dube su zuciyarsa tafasa take, kuma ya ga inda zuciya ta kai shi. Ya juya ya nufi gida a ƙasa, ko waiwaye bai yi ba.

Dattawa suka zauna a inuwar fiffike har la'asar. Wasu suka ce Lawandi, don shi kaɗai ya faɗi gaskiya ido da ido ya sha zagi, shi ya zaɓi ƙarfen da ya yanke wutar. Aka ce musu ai rashin iya bakinsa ne ya jawo rantsuwar tun farko. Wasu suka ce Ilu, don shi ya yi aiki mafi wuya, shi ya fi kusantar bakin uba saboda ran uban. Aka ce musu mutumin da ya ga kuskure ya yi gum, ranar da jirgi ya zama nasa wa zai gaya wa gaskiya? Wasu suka ce Tabawa, don ba don fitilarta ba da aikin yayyenta ya ƙone tare da tsohon, kuma ita ce ta faɗi maganar da ta sa shi kwance gwangwanin. Aka ce musu fitila faɗa take yi kawai, ba ta kashe wuta. Aka kira salla makullin yana nan a kan tabarma, ga jan-baki sun fara dawowa fadama, jirgi kuma ba mai shi.

To, ga makullin na ajiye a gabanku. Tsakanin wanda ya zaɓi ƙarfe, da wanda ya sauya wa waya hanya, da wadda ta kunna fitila, wa za ku miƙa wa?